Tutar da Na Ɗinka wa Madam Selestin

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Har yau akwai ƴan Damagaram da ke cin abinci a can, kuma na ga da idona abin da kalma ɗaya ke jawo wa baƙo. Ƙasa ce dai ta bakin teku, Faransanci suke yi a ofisoshi, ruwan sama kuwa ba shi da lokaci. Sunana Lawali, tela ne ni, haifaffen Zango a Zinder. Shekarar da aka rufe iyakoki, yadi ya yi tsada har mutane suka koma gyaran tsofaffin kaya, na bar matata Hadiza da ɗiyarmu Nana a hannun Inna, na kwance kan keken ɗinkina na naɗe shi a bargo, na bi hanyar kudu.

Wahala ta fara gaishe ni a bakin kogi. Gada a rufe, sojoji a kanta, sai dai kwalekwale. Muka shiga mu da buhunan albasa, ruwa na lasar bakin jirgin. Na rungume kan keken a ƙirji, ina karanta duk abin da na haddace, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. A tsallake wani mutum ya tarye mu da Hausa irin tamu sak. Ya ce shi ɗan garin Dogo ne, can wajenmu, har ya tambaye ni ko har yanzu ana wahalar ruwa a unguwar Birni. Jin haka na saki jiki. Ni da wasu samari ƴan Takieta muka ba shi kuɗin mota har birnin da za mu. Motar ta sauke mu a wani ƙauye cikin kurmi, direba ya ce iyakar inda aka biya ke nan. Mutumin Dogo kuwa ko ƙurarsa.

Ruwa ya tsuge a kanmu. Wata tsohuwa mai gasa ayaba ta yafito mu da hannu, ta matsar da murhunta muka raɓe a rumfarta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ta ɓare ayaba ta miƙa wa kowannenmu, da na laluba aljihu ta buge mini hannu.

Daga nan sai bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan gawayi. A kowane shinge jandarma zai leƙo ya ce ƴan Nijar su sauko. Mu sauko, a tsayar da mu a rana, a kwance mini bargo a ƙare wa keken kallo kamar bindiga ce. Samarin Takieta suka rabu da ni a wani garin masu haƙar zinariya. Ban sake jin labarinsu ba.

A birnin, Alhaji Kyari ne ya sauke ni. Dattijo ne ɗan asalin Barno, mutumin unguwar Birni, ya tsufa a can yana sayar da turare da goro. Ya ba ni tabarma a zaurensa, ya samo mini ƙafar keke da wata ƴar rumfa a bayan kasuwa. Ranar da zan fara aiki ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ba ka da takardar zama tukuna. To ka ji, a nan baƙo ba ya da baki. Ka gani, ka ji, ka taka kekenka, ka yi shiru."

"In sha Allahu, Baba Alhaji."

Na kuwa yi shirun. Garin warin kifi yake, yadi na yin fumfuna a cikin akwati, gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Na yi kewar busasshiyar iskarmu, na yi kewar furar Hadiza. In na kira gida, Nana kan karɓi tarho ta saurara, sai ta mayar wa uwarta ta ce mutumin nan ne na cikin waya.

Madam Selestin tana cikin mutanen farko da suka kawo mini ɗinki. Malamar lakkol ce, wato makarantar boko, da ta yi ritaya, gajeriya, mai furfura da tabarau, gidanta na bayan rumfata. Rigunan zuwa coci nake ɗinka mata. Mushe Lawali take ce mini, wato Malam Lawali da Faransanci, kuma in na karya Faransanci sai ta gyara mini a hankali, kamar ina ajinta. Da zazzaɓin sauro ya kayar da ni, ita ta turo ɗanta Pol da magani. Shi kaɗai gare ta. Yana koyon aikin jinya, dogo ne mai yawan dariya, ni na ɗinka masa farar rigar asibiti, ya tsaya yana juyi a gaban madubina yana cewa yanzu ya zama mutum.

Wata ranar kasuwa mutane suka fito zanga-zanga kan tsadar abinci. Muka ji harbi daga wajen babban titi, kowa ya ja ƙofarsa. Pol bai dawo gida ba. Wata mai kifi ta ce ta gan shi da farar rigarsa durƙushe kan wani da aka harba, sai shi ma ya kife, aka jefa su a mota. Kashegari rediyo ta ce ba wanda ya mutu.

Madam ta bi asibitoci, ta bi komisariyar ƴan sanda ɗaya bayan ɗaya, ta je ɗakin ajiye gawa. Ko'ina amsa ɗaya ce, ba su san da wannan suna ba. Ta kira wani shirin rediyo da ake buɗe layi, tana ambaton sunan ɗanta aka katse ta aka sa kiɗa. Ta tsaya ƙofar ofishin gwamna da hotonsa, aka karɓe hoton aka kora ta. Ina ganinta tana wucewa kullum da safe, rigunan da na ɗinka mata suna ƙara yi mata yawa.

Bayan wasu watanni ta shigo rumfata da ƙunshin yadi kala uku, kalolin tutar ƙasarsu, mai kyau, irin wanda ba a samu a kasuwarmu.

"Mushe Lawali, tuta nake so. Babba."

"Ta lakkol ce, Madam?"

"Tawa ce. Kada ka yi mini aikin kasuwa. Ka ninke bakin, ka bi shi sau biyu."

A raina na ce ƙila an sami gawar ne, tana so ta lulluɓa a akwatinsa yadda suke yi. Ban tambaya ba, don ba a tambayar uwa irin wannan. Na ajiye duk wani aiki na zauna mata. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan tsabta ba. Da na gama na rataye ta a gaban rumfa don in ga ko ta miƙe, maƙwabta na wucewa suna yabawa. Madam ta zo ta shafa bakin da yatsa, ta ce na gode, ta naɗe ta a jaka.

A tarhon wani mai shago na ga abin da ta yi da ita, bayan azahar. Mutane sun taru a kansa, na leƙa. Ga Madam a tsakiyar shataletalen da ke gaban ofishin gwamna, da rana tsaka, cikin farar riga. Ta buɗe tutar ta riƙe ta da hannu biyu, ta rera taken ƙasarsu daga farko har ƙarshe. Sai ta kira sunan Pol da ƙarfi, ta faɗi ranar da ya fita. Ta shimfiɗa tutar a kwalta, ta zuba kananzir, ta ƙyasta ashana. Motoci suka tsaya cak. Wasu suka gudu, wasu suka ɗaga tarho. Ita kuwa ta koma bakin titi ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, tana jiran masu zuwa.

Gaskiya abin da na fara ji haushi ne. Na ga bakin nan da na bi sau biyu yana naɗewa cikin wuta, na ji kamar an mare ni. Tsoro daga baya ya zo.

Alhaji ya same ni ina tsaye kamar gunki.

"Kai ka ɗinka?"

"Ni ne, Baba Alhaji."

"Inna lillahi! Tattara ka bar garin nan yau."

Amma kayan mutane na hannuna, har da na wata amarya, kuma ban san inda zan nufa ba. Na ce bari in raba kayan da safe in wuce. Da safen ƴan sanda suka zo. Wani telan garin, wanda rumfarsa ke kallon tawa, shi ya nuna ni da leɓe. Suka ɗauke ni, suka ɗauki keken.

Kwamishinan ƴan sandan mutum ne mai sanyin murya. Ya sa aka ba ni kujera, ya tambayi garinmu, ya ce ya ji ana yabon aikin fatar Zinder.

"Ba kai muke nema ba," in ji shi. "Tsohuwar nan ba za ta yi wannan ita kaɗai ba. Turo ta aka yi daga waje, don a ɓata mana suna. Kai dai ka ce wasu baƙi ne suka kawo ta rumfarka, su suka ba da yadin. Ka faɗa a gaban alƙali, in ba ka kekenka, in ba ka takardar zama."

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai ta zo."

"Ka sake tunani."

"Ita kaɗai ta zo."

Ba jarunta ba ce, ban ma gama fahimtar abin da yake nufi ba a lokacin. Ya tashi ya fita. Waɗanda suka shigo bayansa tambaya ɗaya suka yi mini, wai da wane hannu na ɗinka. Suka ɗora na daman a kan tebur, suka sa kulki.

Gidan kason da aka kai ni na bakin ruwa ne, bangon kullum a jiƙe. Ɗakin ya cika har ba a kwanciya sai a kaikaice. Shugaban ɗakin wani tsohon soja ne, Sarjan Matiyas, an ɗaure shi don ya mari wani babba a kan filin da aka ƙwace masa. Da ya ji laifina ya tofar da yawu kusa da ƙafata, ya ce a ba ni wuri kusa da bokitin bahaya. Nan na zauna, hannuna ya kumbura kamar tulu, ba na iya kai loma baki.

Wata safiya ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon hannun. Ya sa aka samo masa tsinken rake, ya yage gefen rigarsa, ya durƙusa.

"Ciji wani abu," ya ce.

Ya ja yatsun ya ɗaure. Na ga duhu. Da na dawo hayyacina yana nan zaune.

"Ka san abokaina nawa na binne a cikin ƙyallen tutar nan?" ya ce. "Yara ƙanana. Iyayensu ba su sami komai ba sai shi, a ninke. Ita kuma ta zuba masa kananzir a kan titi."

"Ban san abin da za ta yi ba, Sarjan."

"Da ka sani fa?"

"Da ban ɗinka ba."

"To ka gani."

Sai na ce masa a garinmu ma na taɓa ganin an ƙona tuta. Samari ne, da ihu da baburan kabu-kabu, amma ta wata ƙasa ce, kuma ƴan sanda na tsaye suna kallo, ba wanda aka taɓa.

"Ta wasu ai ba wuya," in ji shi. "Ko yaro ya ƙona ta wasu."

"Ita tata ta ƙona. Kuma sai da ta yi mata waƙa."

Na ba shi labarin Pol, da farar rigar, da rediyon da aka katse. Ya tashi ya koma wurinsa. Da la'asar ya aiko aka matsar da tabarmata kusa da taga. Da na je yi masa godiya ya kawar da kai.

"Da ni ne alƙali da na ɗaure ta," ya ce. "Amma da sai na fara nuna mata kabarin ɗanta."

Alhaji Kyari na zuwa duk ranar ziyara da tuwo a kwano, duk da ciwon ƙafarsa. Ana gab da shari'a ya matso da bakinsa jikin wayar ƙarfen da ta raba mu.

"Ɗana, ka faɗi abin da suke so. Ita an gama da ita, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Na yi magana da Hadiza, kuka take. Kana da ɗiya, kana da tsohuwa."

"Baba Alhaji, rantsuwa za a sa ni."

"Allah ya san wanda aka tilasta."

Ba don mugunta ya faɗa ba, kuma ban ce masa a'a ba. Na koma ɗaki ina juya maganar. Wani lokaci in ga Nana, in ce zan faɗa. Wani lokaci in ga Pol a gaban madubi. In na ce turo ta aka yi, na ce ke nan ba ta da ɗan da ya ɓata, na zama ɗaya daga cikin masu cewa ba su san da wannan suna ba. Har aka sa mu a mota ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Kotun ta cika, ƴan sanda sun fi kowa yawa. Madam na zaune a benci cikin rigar da ni na ɗinka, an karɓe mata tabarau, tana ƙanƙance ido tana neman fuskoki. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ni su wa suka rako ta rumfata. Kwamishinan na zaune a layin gaba yana kallona.

"Ita kaɗai ta zo," na ce. "Kuma ɗanta na san shi. Ni na ɗinka masa rigar asibiti."

Alƙali ya buga tebur, ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Aka zaunar da ni.

Da aka ba Madam dama ta miƙe da ƙyar.

"Mai shari'a, rayuwata duka ni ke tsayar da yara a rana su gaishe da tutar nan. Wanda ya yi dariya in hukunta shi. Ɗana ma haka na koya masa. Na yi magana da baki, ba a ji ba. Na je da ƙafa, an kore ni. Na riƙe hoto, an karɓe. Ranar da na ƙona yadi, kafin wutar ta mutu an turo mini mota. Ga shi yau har an tara mini mutane. To tunda kun taru, ina Pol?"

"Ba batun ɗanki ake yi a nan ba."

"To a ina ake yi? Ku gaya mini in je."

Aka ce ta zauna. Ba ta zauna ba, sai da ƴar sanda ta danna kafaɗarta. An yanke mata shekaru a kaso saboda wulaƙanta tutar ƙasa. Ni kuma aka ce a fitar da ni daga ƙasar, keken ya zama na hukuma.

A barandar kotun aka tsayar da mu kusa da juna ana jiran mota. Ta matso da fuskarta don ta gane ni, sai idonta ya sauka kan hannuna.

"Mushe Lawali, ka yafe mini. Ban yi tunaninka ba. Ban yi tunanin kowa ba."

"Na yafe, Madam."

Bakina ne ya faɗa. Zuciyata sai da ta ɗauki lokaci kafin ta bi shi.

A bayan kamiyo aka kwaso mu, ni da wasu baƙin da aka tsinto a kasuwanni, aka zubar da mu a iyaka kamar shara. Sarjan Matiyas ya ba ni silifas ɗinsa ranar da zan fita, da su na taka. Direbobin albasa ƴan ƙasarmu suka riƙa miƙa ni hannu zuwa hannu, wannan ya ba ni wuri a kan kaya, wancan ya saya mini shayi da burodi. Da muka wuce Takieta na hango duwatsun Zinder, na rufe fuska da hula don kada yaron mota ya ga abin da nake yi.

Nana ta ɓuya bayan uwarta. Sai da na yi magana ta leƙo, ta gane muryar.

Yatsun sun warke a karkace. Ina iya taka keke, amma almakashi ya fi ƙarfina, zare kuma ba ya shiga mini allura. Yanzu a shagon ƙanena nake, ina guga ina sa maɓalli. Inna kuwa, tun da ta ji labarin, ba ta son a ambaci Madam a gidan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, amma duk wanda ya zo yi mini jaje sai ta ce masa wata mata ce can ta cuci uban Nana, Allah ya isa.

Da damina Alhaji Kyari ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce:

"Malamar nan ta rasu a kaso. Ƙirji ne, in ji su. Mutanen cocinsu sun karɓo ta sun binne."

"Yaron fa, Baba Alhaji?"

"Har yau shiru."

Na daɗe zaune a zaure kafin na shiga cikin gida. Inna na kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Kirista ce, ko?"

"E, Inna."

"Har ta tafi ba ta ga gawar ɗan nata ba?"

"Ba ta gani ba."

Ta ajiye faifan. Ta kamo hannuna na dama, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta bi karkatattun yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta.

"Ni nawa ya dawo," ta ce a hankali.

Sai ta ɗaga murya ta kira Hadiza, ta ce a jiƙa gero, gobe Juma'a za a yi gumba a raba a ƙofar gida.

"Sadakar wa za a ce, Inna?" in ji Hadiza.

"Kada a ce ta kowa. Allah ya san mai ita."